Daga ƙirga kaya zuwa ƙirga wat: yadda tsadar makamashi ke sauya gidajen Gombe

A watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke taɓa maki 40, shagon mai gyaran kayan wuta ya fi teburin mai shayi cika. A unguwar Madaki ba sai ka yi tambaya ba, tarin fankokin da ke bakin ƙofa shi zai nuna maka wurin. Wata ba kai, wata ba ƙafa, wata an ɗaure wuyanta da igiyar roba. A ciki kuma ga kwali shaƙe da fitilu masu caji, da tociloli, da cajojin waya da suka narke, da ƙananan rediyoyi waɗanda masu su suka kawo ba su sake waiwayarsu ba.

Mai gyara ya buɗe cikin wata fanka mai caji. Batirin ya kumbura har ya tsage. Ya ɗauki wuƙa ya kankare wayar naɗin, ya miƙa wa mai ita ya gani da idonsa: jan nan a sama kawai yake, cikin fari ne fat. Alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Kuɗin sabon batir da ladan aiki sun kusa rabin kuɗin sabuwar fanka, ita kuwa wannan ko bazara biyu ba ta yi ba.

"Malam, a gyara ko a bari?" Tambayar ke nan da ake yi a irin wannan shago sau da yawa a yini. Amsar ma kusan ɗaya ce: gyara dai za a yi, amma ba a ɗaukar wa irin wannan kaya alkawari.

Wannan tarin matattun kaya yana da alaƙa da abin da ke faruwa a rijiyoyin man Gabas ta Tsakiya da masana'antun China, alaƙar da ta fi yadda muke zato. Tun da wuta da mai suka yi tsada, magidanta da yawa sun fara wani lissafi da ba su saba yi ba. Da, tambayar ita ce me ka mallaka. Yanzu an ƙara biyu: nawa yake sha, kuma shekara nawa zai yi?

Ranar da janareta ya koma lungu

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na rantsuwa. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Daga baya ta ɗan sauko, amma ba ta sake kusantar inda ta baro ba. A watan Yunin 2023 ɗin aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a banki ta wuce 1,500 a shekarar da ta biyo. Duk abin da ake shigowa da shi, daga ƙwan fitila zuwa firji, ya bi ta.

Ɗauki ƙaramin janaretan nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai. Yana shan kusan rabin lita a awa. Mai kunna shi awa huɗu kowane dare yana ƙona wajen lita 60 a wata. A tsohon farashi kuɗin bai wuce naira dubu 12 ba. A farashin dubu ɗaya kuwa dubu 60 ne, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 dubu 70 ne. Ba a sa kuɗin gyara da na baƙin mai ba. Shi ya sa a gidaje da yawa janareta ya koma lungu an kife masa kwando, ba a tayar da shi sai ranar suna ko in an yi baƙi.

Wutar gwamnati ma ba ta tsaya inda take ba. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa 225 kowane yunit. Ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 tana raba megawat dubu 4 zuwa 5 ne a yawancin ranaku, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 85 ba su da layin wuta ko kaɗan.

Shekarar duhu

Mutanen Gombe ba za su manta da 2024 da wuri ba. A watan Afrilu, tsakiyar zafi, ɓarayi suka kayar da turakun babban layin da ke kawo wuta daga Jos, aka shafe makonni Gombe da Yola da Jalingo da sauran garuruwan yankin suna cikin duhu ko ana yi musu rabon cokali. A Oktoba kuma aka sake, wannan karon kusan Arewa baki ɗaya: layin Shiroro zuwa Kaduna ya riga ya lalace, na Ugwuaji zuwa Apir da ake dogaro da shi ya faɗi, aka haura mako guda ba wuta. Masu walda suka rufe shago, injinan casar shinkafa suka koma kan dizal, ƙanƙara ta zama kayan gabas, masu shagon cajin waya kuwa kakarsu ta yanke saƙa.

Abin takaicin shi ne jihar ba matalauciyar makamashi ba ce. Madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, kimanin kilomita 40 daga cikin gari, an gina ta tun shekarun 1980, amma sai bayan fiye da shekara 30 injinanta masu megawat 40 suka fara juyawa. Akwai kwal a Maiganga, a ƙaramar hukumar Akko, wanda kamfanin simintin Ashaka ke ƙonawa. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Gombe da Bauchi, aka yi ta maganar gangar mai fiye da biliyan ɗaya. Ga ruwa, ga kwal, ga mai a ƙarƙashin ƙasa, amma turaku kaɗan da suka faɗi a daji sun isa su kashe fanka a Madaki.

Abin da ke faruwa a can

Duk wanda ya ce maka zamanin man fetur ya wuce, ya yi gaggawa. Har yanzu kusan kashi 80 cikin 100 na makamashin duniya daga mai da gas da kwal yake fitowa. Ana ƙona ganga fiye da miliyan 100 kowace rana, kwal kuma da ake ta yi wa jana'iza a tarukan sauyin yanayi, a 2024 aka ƙona shi fiye da kowace shekarar da ta gabace ta, sama da tan biliyan 8. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na man duniya ta mashigar Hormuz yake bi, don haka duk wata hayaniya a Tekun Fasha tana iya isowa gidan mai a titin Biu.

An ga misalin yadda rikicin nesa ke isowa gida a 2022. Rasha ta afka wa Ukraine a Fabrairu, gangar mai ta haura dala 120, ƙasashen Turai suka bazama neman gas ko nawa ne kuɗinsa. Jiragen ruwan gas da za su je Pakistan da Bangladesh suka juya zuwa inda aka fi biya, waɗannan ƙasashe suka shiga ɗauke wuta. A nan gida dizal ya tashi daga wajen naira 300 zuwa kusan 800 cikin 'yan watanni. A kasuwar makamashi in abu ya yi ƙaranci, talaka ake fara cirewa daga layi.

Amma a gefe guda wani abu na tafiya da sauri fiye da yadda masana suka yi hasashe. Farashin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020, ya kuma ci gaba da faɗuwa. Batirin litiyam ya bi sahu. China ce ke ƙera fiye da kashi 80 na farantan duniya, masana'antunta kuma suna fitar da fiye da abin da kasuwa ke iya sha, shi ya sa suke neman masu saye ko'ina. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2024 kuɗin da aka zuba a makamashi mai tsabta ya kai kusan dala tiriliyan 2, ninki biyu na abin da aka zuba a mai da gas da kwal. A shekarar, kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a China masu caji ne.

Labarin Pakistan ya fi kusa da namu. Wuta ta yi tsada, ba ta kuma tsayawa, sai jama'a suka daina jiran gwamnati. A 2024 kaɗai suka shigo da farantan da ƙarfinsu a takarda ya kai wajen megawat dubu 17, fiye da ninki uku na abin da layin Najeriya ke ɗauka a rana mai kyau. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun ɗanɗana: bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta katse musu wuta, wadda ita ce kusan kashi 70 na abin da suke sha. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 a gefen Yamai ta rage musu zafi, kasuwar farantai kuma ta buɗe. Najeriya yanzu tana sahun gaba a Afirka wajen shigo da farantan China, Afirka ta Kudu ce kawai ke gabanta a ƙididdigar tsakiyar 2025. Ba sai an duba takarda ba, ɗaga kai a Tudun Wada ko Pantami ko Bolari ka dubi rufin shaguna da masallatai.

Lissafin wat

A nan ne maganar kaya kaɗan masu inganci ta shigo, ba kuma ta ƙofar wa'azi ko kwaikwayon Turawa ba. Ta ƙofar aljihu ta shigo.

Wanda ke kan layin gwamnati ba tare da mita ba, bil ɗaya ake kawo masa ko ya kunna ko bai kunna ba, don haka bai taɓa damuwa da abin da kowane kaya ke sha ba. Ranar da ya kira mai haɗa sola, ranar zai ji tambayar da ba a taɓa yi masa ba: "Alhaji, me da me kake so ya ɗauka?" Sai a ɗauko biro da takarda, a bi ɗaki ɗaki.

Gida mai tsofaffin ƙwayaye shida masu wat 60, da fankokin sama biyu masu wat 75, da tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, yana jan wajen wat 600. In za a kunna su awa shida da dare, ana buƙatar yunit uku da rabi. Faranti ɗaya mai wat 300, a ranar Gombe mai ƙarfi, abin da zai tara a yini bai wuce yunit ɗaya da 'yan kai ba. Ke nan sai an sayi farantai uku ko huɗu, da manyan batira, da babbar inbata.

Sauya ƙwayayen da na LED masu wat 9, fankokin da ƙananan nan masu aiki kai tsaye da batir waɗanda ba su wuce wat 25 ba, talabijin ɗin da siririya mai wat 40. Haske ɗaya, iska ɗaya, labarai ɗaya, amma gidan ya dawo wajen wat 150. Faranti ɗaya da batir matsakaici sun riƙe shi. Kuɗin da aka kashe wajen sayen kaya masu tsimi ya fito ninki a kuɗin farantai da batiran da ba a saya ba.

Sai kuma jerin waɗanda mai sola zai ce a cire su daga soket gaba ɗaya. Dutsen guga na lantarki yana jan wat 1,000 ko fiye, awa ɗaya a kansa ta cinye kusan duk abin da faranti ya tara tun safe. Butar dafa ruwa, da hita, da risho na wuta, duk 'yan gida ɗaya ne. Tsohon firjin Kwatano, wanda ya gama aikinsa a Turai kafin a yi masa fenti a kawo, yana iya shan ninki biyu ko uku na sabo mai girmansa. A gidan da ke da irinsa biyu, shawarar da ake bayarwa ita ce a sayar da duka a sayi ɗaya na kirki. Dutsen guga na gawayi da aka jefa bayan ɗaki shekaru da suka wuce ya dawo bakin aiki, ba don ana sha'awarsa ba.

Wani abin lura: mai sola ya san yanayi fiye da da. Ya san hazon hunturu yana rage masa caji, ya san in bai sa yaro ya goge ƙurar farantin ba, fanka za ta tsaya kafin asuba. Yaran gidan da ba a taɓa iya sa su kashe fitila ba, yanzu su ke tunatar da juna.

Araha ba ta ado, amma wa ke da kuɗin ado?

Sai dai wa'azin "sayi mai kyau sau ɗaya" ya fi daɗi a bakin mai albashi. Ɗan acaba ko mai tura ruwa da ke samun na yau ya ci yau, ya san sarai fitilar dubu uku ba za ta kai damina ba. Ba jahilci ke sa shi saye ba. Ta dubu goma sha biyar ɗin ce ba ya iya haɗa kuɗinta a rana ɗaya, yaransa kuma yau da dare za su yi karatu. Sai ya sayi ta dubu uku, ta mutu, ya sake saye, kafin shekara biyu ya biya kuɗin mai kyau har da ɗori, hannunsa kuma ba fitila. Talauci yana da nasa haraji, wannan na ciki.

'Yan kasuwa ma suna da tasu hujja. Abin da za ka ji a Babbar Kasuwa shi ne masana'anta na yin na kowane kuɗi, mai oda ne ke faɗin daraja ta nawa yake so, shi kuma mai oda aljihun jama'a yake dubawa. In ka jera mai kyau a kanti zai yi wata uku yana shan ƙura, na kusa da kai kuma ya sayar da kwali goma na mai araha. Akwai gaskiya a nan. Inda hujjar ta rushe shi ne wajen ƙarya. Sayar da abu mara ƙarko a kan farashinsa ciniki ne. Manna takardar wat 300 a bayan farantin da bai kai 200 ba, ko zuba wa ƙaramin batir nauyi don ya yi kama da babba, wannan ha'inci ne, kuma shi ke sa ko mai kuɗin ya rasa yadda zai gane na kirki. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, takan kama jabun wayoyi da tayoyi ta ƙona a gaban 'yan jarida, amma kasuwa ta fi ƙarfin yawan jami'anta.

Gajeren rai a kayan masana'anta ba China ta ƙirƙiro shi ba. A 1924 manyan kamfanonin ƙwan fitila na Turai da Amurka, ciki har da Osram da Philips, suka haɗa baki a Geneva cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har da tara ga wanda nasa ya daɗe. Yau Turawan ne ke ƙoƙarin warware abin da suka ƙulla: a 2021 Faransa ta wajabta a rubuta wa wayoyi da injinan wanki maki na sauƙin gyara, Tarayyar Turai kuma daga ƙarshen 2024 ta tilasta bakin caja iri ɗaya ga wayoyi. Mu da muke da masu gyara a kowane lungu, abin da suke nema da doka muna da shi a hannu. Abin da ke kashe sana'ar shi ne kayan da aka liƙe da gam, ba sukurun kwancewa, ba kuma kayan canji.

Hanyar da ta fi kama da mafita ga mara ƙarfi ita ce biya kaɗan-kaɗan. Akwai kamfanoni irin su Sun King da d.light da ke ba da ƙaramin sola da fitilu da fanka, ana biya mako-mako ko wata-wata ta waya, in an daina biya na'urar ta kulle kanta. Jimillar kuɗin ta fi ta sayen hannu da hannu, wani lokaci da yawa, amma akwai garanti kuma akwai wanda za a kama. A Disamban 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don irin wannan aiki da ƙananan tashoshin sola a Najeriya, da burin kai wa mutum miliyan 17 da rabi. Mata kuwa ba su jira Bankin Duniya ba, adashi suke zubawa.

Kayan da suka ga jikoki

A gidajen tsofaffin unguwanni har yau akwai keken ɗinki Singer ko Butterfly da kaka ta yi aure da shi, jika ke takawa. Akwai keken Raleigh, da adakar ƙarfe, da turmin da ya ga sarakuna uku. Bai kamata mu cika yabon da ba: mutanen wancan zamani ba don sun fi mu hikima suka riƙe kaya kaɗan ba, kayan ne ba su da yawa kuma suna da tsada. Amma abin da aka ƙera don a gyara shi, an gyara shi ya kai yau.

Kowane kaya da makamashi a cikinsa tun kafin a kunna shi. Wayar hannu, kusan kashi 80 na hayaƙin da za ta jawo a rayuwarta a wajen ƙera ta yake fita, ba wajen caji ba. Bokitin roba da takalmin roba da yadin nan mai sheƙi da ba ya shan gumi, duk daga man fetur aka yi su, shi ya sa farashinsu ke rawa tare da na ganga. Gombe, garin da jirgin ƙasa ya iso a farkon shekarun 1960 yana kwasar auduga, wanda har yau yake da unguwa mai suna BCGA saboda kamfanin audugar Turawa, yanzu yawancin abin da ke jikin 'ya'yansa zaren roba ne da gwanjo.

Maƙeran tukwane kuwa sun daɗe suna yin abin da masana ke rubuta littattafai a kai. Yaro ya tsinto gwangwanin lemo da fasasshen fistan mota, a narka, a zuba a ƙirar yashi, tukunya ta fito mai kauri wadda za ta yi shekara ashirin a kan murhu. In ta huje a liƙe, in ta gaji a sake narka ta. Sake narka alminiyam yana cin kusan kashi 5 cikin 100 kacal na makamashin da ake buƙata wajen yin sabo daga ma'adini. Haka randa: ba ta jan wat ko ɗaya, ruwanta kuma ba ya sa mura. Marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya ɗauki wannan ilimi ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, tumatir da yalo suka riƙa yin makonni ba su lalace ba. Aikin ya ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A busasshen zafi irin na Gombe ne dabarar ta fi aiki, amma da wuya ka gan ta a gidan ɗan boko, don ana ganin ta ƙauye ce.

Ɗakin amarya

Inda maganar rage kaya ke cin karo da bango shi ne ranar jere. Gado da katifa da kujeru, da durowar gilashi cike da tangaran da ba za a taɓa ci a ciki ba, da kuloli jeri-jeri, da injin markaɗe, da na gasa burodi, da na ɗumama abinci mai jan wat fiye da dubu a gidan da wuta ke zuwa tsakar dare. Uba ya ci bashi, uwa ta sayar da tumakinta. Bayan shekara wasu kayan ko ledarsu ba a cire ba.

Masu kare al'adar ba su rasa abin faɗa ba, kuma ya kamata a saurare su. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, ba ta miji ba. Su ne mutuncinta a idon dangin miji da kishiyoyi, su ne kuma asusunta: in rana ta ɓaci ta kira dillaliya ta fitar da kwalla biyu ta biya kuɗin asibiti. Wanda ke cewa a rage, sau da yawa namiji ne da bai taɓa tunanin rage nasa manyan riguna ba.

Matsalar ita ce asusun ya huje. Tasa da kwalla da gadon ƙarfe na iyayenmu suna riƙe daraja, ana sayar da su bayan shekara goma a sami abin kirki. Gadon yanzu na matsattsiyar dusar katako, ruwa ya taɓa ƙafarsa sau ɗaya ya kumbura, tashi ɗaya daga gidan haya zuwa wani ya isa ya raba shi gida huɗu. Dillaliya ma ba ta karɓa. Don haka ko da ma'aunin masu kare al'adar aka auna, yawan ya ƙaru, dukiyar ta ragu. An fara jin iyayen da ke rage kujeru da tangaran su sa wa 'yarsu ƙaramin sola da firji mai tsimin wuta, ta riƙa ƙulla zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, ko su sa mata keken ɗinki. Ba su da yawa tukuna, 'yan ganin ɗaki kuma ba su daina ƙirga kuloli ba. Malamai sun daɗe suna faɗa da almubazzaranci a biki ba a ji ba. Abin da wa'azi ya kasa, tsadar rayuwa ta fara yi.

Murhu bai ji labari ba

Duk wannan magana ta fitila da fanka ce. Makamashin da gidan Bahaushe ya fi ci na girki ne, sola kuma bai kai can ba. Da tukunyar gas mai kilo 12 da rabi ta haura naira dubu 15 a 2024, gidaje da yawa da suka bar gawayi suka koma masa, a ƙasar da ke cikin manyan masu arzikin gas a Afirka kuma take ƙona wani a banza a yankin Neja Delta. Gwamnatin Gombe tana dashen itatuwa a ƙarƙashin shirin 3G tun 2019, motocin itace da buhunan gawayi kuma suna shigowa gari kowace safiya. Murhu mai tsimi, wanda ke killace wuta a ƙarƙashin tukunya, yana iya rage itacen da ake ƙonawa da rabi ko fiye. Shi ma dai tsadar ranar farko ce ke hana shi shiga gidaje.

Ina za a kai matattun batira?

Solar da ake gani a matsayin mafita ta fara tara nata juji. Batir mai ruwa, wanda ya fi araha, ba ya son zafi kuma ba ya son a zuƙe shi ƙasa da rabi. A ɗakin da ba iska a Gombe, a hannun mai gidan da ke kunna komai har sai inbata ta yi kuka, shekara biyu ma sai an yi sa'a. Na litiyam yana iya kai wa shekara takwas ko goma, amma kuɗinsa na farko ya ninka, kasuwarsa kuma ta cika da tsofaffin ƙwayoyi da aka sake wa kwali.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki a 2022, abin da aka sarrafa ta hanyar da ta dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A wurinmu 'yan jari-bola ne ke wannan aiki, kuma ba don su ba da kwazazzaban garin sun fi haka cika. Babban batir yana kai kilo 60, yawancinsa dalma, don haka yana da kuɗi a wurinsu. Sai dai yadda ake yi shi ne a fasa shi da guduma, a tuttular da ruwan asid a ƙasa, a tara dalmar a buhu ko a narka ta a fili, yara na wasa a gefe. Arewa ta san abin da dalma ke yi wa yaro: a Zamfara a 2010 ta kashe yara fiye da 400, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Wadda ba ta kashe ba takan taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada.

Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu da kansu, hankalin kowa kuma ya tafi kan sababbin tashoshi da manyan kwangiloli. Ƙananan ayyuka biyu sun fi gaggawa, kuma ba su kai kuɗin taransifoma goma ba: wurin gwaji a kasuwa inda mai saye zai kai faranti ko batir a auna masa ƙarfinsa na gaskiya kafin ya biya, da wurin karɓar mataccen batir a ba mai shi rangwame a kan sabo. Da yawa daga batiran da aka saya a rububin sola na 2023 da 2024 masu ruwa ne, wa'adinsu kuma shekara biyu zuwa uku ne.